Yaro ya ci jarrabawa, labarin ƙarya ya ci shi: ina gizo ke saƙar?

Me ya sa ɗalibi zai fito da sakamako mai kyau a jarrabawar kammala sakandare, ya ci lissafi ya ci kimiyya, amma a turo masa hoton bogi a waya ya gaskata nan take, har ya tura wa wasu? Idan kuma makaranta ce ya kamata ta koya masa rarrabe labarin gaskiya da ƙanzon kurege, yaushe za ta yi hakan, alhali daga ranar da aka buɗe zango zuwa ranar da aka rufe, hankalin malami da na shugaban makaranta da na iyaye duk yana kan maki?

Maganar ta ƙara zafi tun ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shiga hannun kowa, har ta kai ana iya haɗa hoto ko kwaikwayon muryar mutum cikin 'yan mintuna. Da can gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an tantance shi. A cikin muhawarar ana yawan jin amsa biyu. Wasu na cewa jarrabawa ce ta kashe tunanin yara, a soke ta kowa ya huta. Wasu na cewa abin da sauƙi, a ƙara darasin tantance labarai a manhajar karatu shi ke nan. Kowane ɓangare ya kama gefe ɗaya na gaskiyar ya saki sauran.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Jarrabawar bai-ɗaya ita ce wadda ake yi wa ɗimbin ɗalibai tambayoyi iri ɗaya, a ba su lokaci ɗaya, a duba da ma'auni ɗaya, domin a iya kwatanta wannan da wancan. WAEC a Afirka ta Yamma, da GCSE a Ingila, da SAT a Amurka, da gaokao a Sin, wadda ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024, duk 'yan gida ɗaya ne. Ba kuma sabon abu ba ne. Daular Sin ta yi kusan shekara 1,300 tana zaɓen ma'aikatanta ta hanyar jarrabawa kafin a soke tsarin a 1905, kuma tun a wancan zamani ana ƙorafin cewa masu neman aiki sun koma haddace salon rubutun da ake so maimakon fahimtar abin da suke rubutawa.

Amma jarrabawa iri biyu ce. Akwai wadda malami ke yi don ya gane inda ɗalibinsa ya kwana. Akwai kuma wadda aka rataya mata makomar mutane: gurbin jami'a ga yaro, ƙarin girma ko kora ga malami, suna da kuɗin shiga ga makaranta. Matsin da ake kuka da shi daga ta biyun yake fitowa.

Tunanin ƙwaƙƙwafi kuwa mutane da yawa suna ɗaukarsa gardama ko raina na gaba, shi ya sa wasu iyaye ke ɗari-ɗari da shi. Abin da ake nufi shi ne mutum ya ɗan dakata kafin ya karɓi magana, ya tambayi kansa wa ya faɗe ta, mece ce hujjarsa, hujjar ta kai girman iƙirarin kuwa, ko akwai wani bayanin da zai fi fassara abin. Sannan ya iya sakin ra'ayinsa idan aka zo da hujjar da ta fi tasa, wanda shi ne ɓangaren da ya fi ɗaci. Masanin ilimi na Amurka John Dewey ya yi dogon bayani a kan wannan tun 1910.

Ilimin tantance labarai shi ne wannan tunanin idan aka ɗora shi a kan jarida da rediyo da talabijin da Facebook da WhatsApp da TikTok. Ya haɗa da sanin cewa kowane saƙo wani ne ya shirya shi da manufa, da gane talla idan ta shigo da rigar labari, da fahimtar dalilin da ya sa manhaja ta zaɓi ta nuna maka wannan bidiyon ta ɓoye maka wancan. Hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta yi kira da a koyar da shi a makarantu tun a wani taro da aka yi a Grünwald ta Jamus a 1982, kafin intanet ya shiga gidajen mutane.

## Yaran zamani sun iya waya, to sun iya tantancewa?

Akwai wata magana da manya ke yi: ai yaran yanzu da waya aka haife su, sun fi mu sani. Sun fi mu saurin yatsa, wannan gaskiya ne. Batun tantancewa kuwa bincike ya nuna wani abin daban.

A 2016 wata ƙungiyar masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Sam Wineburg, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa ɗalibai 7,804 daga ƙaramar sakandare har jami'a. Fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labari, duk da an rubuta a jikinta cewa wani ne ya biya kuɗi aka sa ta. A wani gwajin aka nuna wa 'yan babbar sakandare hoton wasu furanni masu karkatacciyar halitta, da rubutu a samansa cewa ga abin da hatsarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan ya haifar. Babu sunan wanda ya ɗauki hoton, babu abin da ke nuna a Japan aka ɗauke shi, balle kusa da tashar. Aka tambayi yaran ko wannan hujja ce mai ƙarfi. Kusan kashi 40 suka ce ƙwarai kuwa, ai ga hoto nan. Waɗanda suka tuhumi asalin hoton ba su kai kashi 20 ba.

Suka sake wani gwajin, aka fitar da shi a 2019, da 'yan babbar sakandare 3,446. Aka nuna musu wani bidiyo mai dishi-dishi na mutane suna cusa ƙuri'u a akwati, aka ce maguɗi ne a zaɓen fitar da gwani na Amurka. Kashi 52 suka ce hujja ce mai ƙarfi. A Rasha aka ɗauki bidiyon, kuma ga intanet a gaban yaran, amma uku kacal a cikinsu suka gano asalinsa.

Kada a ce matsalar Amurka ce kawai. A jarrabawar PISA ta 2018, wadda OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe mafi yawansu masu arziki, ke yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ɗaliban da suka kai matakin iya rarrabe tabbataccen zance da ra'ayi a rubutu mai sarƙaƙiya ba su kai ɗaya cikin goma ba a ƙasashen ƙungiyar. Kashi 54 ne kawai suka ce an taɓa koya musu a makaranta yadda ake gane bayanin da ya karkata. Ita kuma ƙarya ba ta jiran kowa: masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa labarin gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya isa ga mutum 1,500. Kuma sun gano mutane ne suka fi yaɗa ta, ba asusun na'ura ba.

## Yadda jarrabawa ke cinye lokacin aji

Babu hukumar jarrabawar da ta taɓa rubuta wa malamai takarda ta ce kada su koyar da tunani. Abin yana faruwa ne a hankali, ta hanyar lissafin da kowane malami ke yi a zuciyarsa.

Ɗauki malamin tarihi da ke da minti 40 da ɗalibansa. Saura 'yan makonni a fara jarrabawa, ga babuka huɗu bai taɓa ba. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, Malam, littafin nan ya ce abu kaza ne ya jawo yaƙin, amma na ga wani bidiyo da ya ce ba haka ba ne. Tambaya ce mai kyau, irin wadda za a iya cinye darasin gaba ɗaya a kanta: wa ya yi bidiyon, ina ya samo, me ya sa littafin ya zaɓi wannan dalilin. Malamin ya san haka. Amma ya san kuma a takardar jarrabawa za a ce ne a kawo dalilai biyar, kuma mai dubawa yana da jerin amsoshin da aka ba shi, duk wanda ya dace da jerin maki biyu, wanda bai dace ba sifili. Sai ya ce wa yaron, rubuta abin da ke cikin littafi, shi za a tambaye ka. Ba mugunta ba ce, gaba kura ce baya sayaki. Yaron kuma ya koyi darasi a ranar, wanda ba ya cikin manhaja: tambaya ɓata lokaci ce.

Dalilin da ya sa tambayoyin suke haka kuwa kuɗi ne da adalci. Tambayar canki-canka na'ura ce ke duba ta, miliyoyin takardu cikin kwanaki, kuma ba wanda zai ce an yi masa son kai. Tambayar da ke neman ɗalibi ya auna hujjoji biyu ya yanke hukunci sai an samu mutum ƙwararre ya zauna ya karanta, kuma masu dubawa biyu za su iya ba amsa ɗaya maki daban-daban. Don haka hukumomi suka fi karkata ga abin da ke da sauƙin aunawa, malamai suka bi abin da ake aunawa, sauran ya faɗi ƙasa.

Amurka ta yi wannan gwaji a fili. A Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da aka yi wa laƙabi da "Kada A Bar Wani Yaro A Baya". Ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, ta ce zuwa 2014 kowane yaro ya kai matakin ƙwarewa, makarantar da ta ci gaba da gazawa kuma ana iya sauya malamanta ko a sake mata tsari. Niyyar mai kyau ce: a daina ɓoye yaran talakawa da na marasa rinjaye a bayan matsakaicin maki. Amma a 2007 wani bincike ya gano kashi 62 na gundumomin ilimi sun ƙara lokacin Turanci ko lissafi a firamare, kashi 44 kuma sun rage lokacin wasu darussan, ciki har da nazarin zamantakewa da kimiyya da zane. Nazarin zamantakewa kuwa shi ne ɗakin da aka fi tattauna wa ya faɗa, me ya sa ya faɗa.

Masanin zamantakewa Donald Campbell ya riga ya yi gargaɗi tun a shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa nauyin yanke hukunci, za a fara murɗa shi, shi kuma ya fara ɓata abin da aka kawo shi ya auna. Birnin Atlanta ya zama misali. A 2011 rahoton masu bincike na jihar Georgia ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara wa ɗalibai amsoshi, a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Sai dai satar amsa ita ce ƙaramar matsalar, don ana iya kama ta. Wadda ta fi girma halas ce a idon doka. Daniel Koretz da abokan aikinsa sun nuna ta a wani bincike da suka gabatar a 1991: wata gunduma ta sauya jarrabawar da take yi, maki ya faɗi, bayan 'yan shekaru ya sake hawa. Da aka dawo aka yi wa yaran tsohuwar jarrabawar, sai aka ga sun yi ƙasa a cikinta. Wato abin da ya ƙaru sabo ne da salon tambaya, lissafin yana nan inda yake.

A 2015 aka maye gurbin dokar ta Bush da wata, aka bar jarrabawar shekara-shekara amma aka sassauta hukuncin.

## Hujjar masu kare jarrabawa

Wanda ya ce a soke jarrabawa sai ya faɗi abin da za a sa a madadinta. Idan gurbin jami'a dubu ne masu nema dubu goma, dole a zaɓa. In ba a zaɓa da maki ba, za a zaɓa da takardar shaida daga malami, ko hira, ko sanayya, kuma duk waɗannan ɗan mai hali ya fi ɗan talaka iya samunsu. Takardar jarrabawa ba ta san sunan mahaifin kowa ba. MIT ta dakatar da sharaɗin SAT a 2020 saboda korona, ta dawo da shi a 2022, ta ce makin yana taimaka mata gano ɗalibai masu hazaƙa da suka fito daga makarantu marasa galihu.

Akwai kuma abin da masu sukar ba su cika faɗa ba: gwaji kansa hanyar koyo ne. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun. Sannan in ba don jarrabawar bai-ɗaya ba, makarantar da yara ke gama aji shida ba su iya karanta layi ɗaya ba za ta ci gaba da rubuta musu "ya yi ƙoƙari" ba wanda ya sani.

A ganina waɗannan hujjoji suna da nauyi. Laifin yana wurin irin tambayar da ake yi da kuma girman abin da aka rataya wa amsar.

## Tunani ba ya tsayuwa a kan iska

Nan ne masu son gyara su ma suke tuntuɓe. Ana yawan cewa a daina cusa wa yara bayanai, a koya musu yadda ake tunani, tunda komai yana intanet. Masanin halayyar koyo Daniel Willingham ya daɗe yana jan kunne cewa tunanin ƙwaƙƙwafi ba kamar tuƙin keke ba ne, da za a koya sau ɗaya a hau kowane keke. Yana manne da abin da mutum ya sani a fannin. Likita mai zurfin tunani a kan cuta yana iya faɗawa tarkon 'yan damfarar zuba jari kamar kowa.

Wani gwaji da Donna Recht da Lauren Leslie suka wallafa a 1988 ya fito da wannan sarai. Sun ba 'yan ƙaramar sakandare labarin wasan besbol su karanta. Yaran da ba su da ƙarfin karatu amma sun san wasan sun fi fahimtar labarin a kan gwanayen karatu da ba su san shi ba. Haka abin yake da labarin ƙarya. Idan aka turo saƙo cewa wani magani yana warkar da kowace cuta, yaron da ya san bambancin ƙwayar bakteriya da ta bairos zai ji wani abu bai daidaita ba tun kafin ya yi bincike. Wanda bai sani ba, ko an haddatar da shi ka'idojin tunani goma, ba shi da inda zai kama.

Saboda haka hadda ba abokiyar gaba ba ce. Jadawalin ninkawa da shekarun tarihi da sunayen sassan jiki su ne kayan aikin. Matsalar ita ce a tsaya a nan, a tara kayan aiki shekara goma sha biyu ba a taɓa sa yaron ya yi aiki da su ba.

## Abin da ake koyarwa, da abin da ke aiki

Ko a inda aka samu lokacin koyar da tantance labarai, sau da yawa tsohon yayi ake koyarwa. Ana ba ɗalibi jerin tambayoyi ya duba shafin intanet da su: akwai sunan marubuci? akwai kwanan wata? akwai kuskuren rubutu? adireshin ya ƙare da .org? Wannan salo ya yi wa tsarin jarrabawa daɗi, don ana iya haddace shi a kawo biyar a ci maki goma. Amma duk mai son yaudara ya san jerin, zai cika kowane sharaɗi, kuma .org kowa na iya sayensa.

Wineburg da Sarah McGrew sun yi wani gwaji da ya kamata kowane malami ya sani. Suka zaunar da masana tarihi 10 masu digirin digirgir, da ɗaliban Stanford 25, da ƙwararrun masu bin diddigin labarai 10. Aka ba kowa shafuka biyu masu magana a kan cin zalin yara a makaranta. Ɗaya na babbar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ce, mai mambobi fiye da 60,000. Ɗayan na wata ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle daga cikinta a 2002 saboda saɓanin ra'ayi, mai suna kusan iri ɗaya, da tambari, da rubutu tsaf. Aka ce wanne ya fi inganci? Masana tarihin da ɗaliban suka duƙufa a kan shafin, suna karantawa daga sama har ƙasa, suna duba kyan tsari da jerin madogara. Kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban suka zaɓi ƙaramar ƙungiyar. Masana tarihin rabinsu ne kawai suka tsaya a kan babbar. Masu bin diddigin kuwa ba su daɗe a shafin ba. Cikin daƙiƙu suka fita, suka buɗe sabbin shafuka a gefe, suka rubuta sunan ƙungiyar don su ga me wasu ke faɗa a kanta. Dukansu goma suka gane gaskiyar, kuma su suka fi kowa sauri.

Duk wanda ya ɗan zauna gaban malaman hadisi zai ga dabarar ba baƙuwa ba ce. Kafin a tsaya a kan matanin ana duba isnadi, kuma ba mai ruwayar ake tambaya ko shi amintacce ne ba, abin da wasu masana suka faɗa a kansa ake nema.

Abin farin cikin shi ne dabarar ba ta cin lokaci. A gundumar Lincoln ta jihar Nebraska a Amurka an saka darussa shida kacal na minti 50 a cikin darasin sanin gwamnati da ake yi da ma, kuma sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ɗaliban da suka samu darussan sun yi wa sauran fintinkau wajen gane shafin da za a amince da shi. Wannan ya raunana hujjar "babu lokaci". Malamin lissafi da ke koyar da kaso cikin ɗari zai iya kawo kanun labari da ya ce wata cuta ta ƙaru da kashi 100, ya tambayi aji: daga nawa zuwa nawa? Idan daga mutum biyu ne zuwa huɗu a gari mai mutum miliyan, kanun bai yi ƙarya ba, amma ya tsorata mutane a banza. Ya koyar da abin da zai fito a jarrabawa, ya kuma koyar da tantancewa, a cikin minti goma.

Akwai dai hatsari ɗaya da ya kamata a lura da shi. Idan aka yi ta nanata wa yaro cewa kada ya yarda da komai, zai iya komawa wanda bai yarda da kowa ba, jaridar kirki da shafin shaci-faɗi duk ɗaya a wurinsa. Wani bincike da aka yi a Amurka da Indiya, aka wallafa a 2020, ya nuna 'yan shawarwarin gane labarin ƙarya sun rage yarda da ƙaryar, amma sun ɗan rage yarda da labarin gaskiya ma. Mutumin da ya ce duk ƙarya ce yakan ƙare da gaskata abin da ya yi wa zuciyarsa daɗi kawai.

## Ƙasashen da suka taɓa gwadawa

Finland ake fara ambata. Manhajarta da ta fara aiki a 2016 ta sa iya karanta kowane irin saƙo, rubutu ne ko hoto ko lamba, ya ratsa dukkan darussa, kuma ƙasar ce ta riƙa zuwa ta ɗaya a ma'aunin tantance labarai na Turai daga lokacin da aka fara shi a 2017 har zuwa 2023. Babban sirrin shi ne yaro ba ya haɗuwa da jarrabawar ƙasa mai yanke makoma sai a ƙarshen babbar sakandare, malamai kuma sai da digiri na biyu. Amma kada a mai da ita aljanna: makinta a PISA yana ta sauka tun bayan 2006, kuma ƙasa mai mutum miliyan biyar da rabi ba ta fama da cunkoson aji irin na sauran duniya.

Estoniya ta sa kwas na wajibi na sa'a 35 kan kafofin labarai da tasirinsu ga 'yan aji goma tun 2010. A Amurka, jihar Illinois ta yi doka a 2021 cewa kowace babbar sakandare ta koyar da tantance labarai, jihar New Jersey ta bi a 2023 tun daga ajin farko. Singafo ta bi ta ɗaya ɓangaren: ta cire jarrabawa ga 'yan aji ɗaya da biyu na firamare a 2019, zuwa 2023 ta soke ta tsakiyar shekara a firamare da sakandare, don a samar wa malamai sarari. Koriya ta Kudu, inda ake dakatar da tashin jiragen sama lokacin da ɗalibai ke gwajin sauraren Turanci a jarrabawar shiga jami'a, ta sanar a 2023 cewa za ta cire tambayoyin nan masu tsananin wuya da ba a koyar da su a aji, waɗanda ke tura iyaye biyan kuɗin darasin bayan makaranta.

## Wa abin zai fi shafa?

Idan aka bar abin yadda yake, tantancewa za ta zama gatan 'ya'yan masu hali. Makarantar da ɗalibanta ke cin jarrabawa ba wahala tana da sararin muhawara da bincike. Wadda ke fafutukar kada sunanta ya zube ita ce ke komawa tsofaffin tambayoyi safe da yamma, kuma a nan yaran talakawa suka fi yawa. Su ne kuma gobe za a turo wa tallar aikin bogi a ƙasar waje, da maganin da ba a gwada ba, da bidiyon da aka shirya don a tunzura su ranar zaɓe.

Iyaye ma suna da hannu, ko da ba su sani ba. Muddin tambayar da ake yi wa yaro idan ya dawo ita ce na nawa ka zo, muddin kuma da allon sakamako ake zaɓen makaranta, shugaban makaranta zai ba kasuwa abin da take so. Malami kuma ba zai koyar da abin da shi kansa ba a koya masa ba. Da yawa sun fito ne daga tsarin haddar nan, wasunsu ma su ke tura ji-ta-ji-ta a zauren WhatsApp na ma'aikata.

Hanyar da ta fi saurin kai gyara cikin aji ita ce ta takardar jarrabawar kanta. Ranar da aka fara ba ɗalibi rahoto biyu masu karo da juna a ce ya faɗi wanda ya fi inganci da dalilinsa, a ranar malamai za su nemo lokacin da suka ce babu. OECD ta ɗauki wannan hanyar: ta gwada tunanin ƙirƙira a PISA ta 2022, ta kuma shirya gwada ilimin kafofin labarai da ƙirƙirarriyar basira a ta 2029. Ƙasashe suna jin kunyar zuwa ƙasan jerin PISA, don haka ana iya sa ran ma'aikatun ilimi za su motsa. Sai dai gargaɗin Campbell yana nan. Idan tambayar ta zama "kawo hanyoyi biyar na gane labarin ƙarya", masu buga littattafan shirin jarrabawa za su fitar da amsar kafin zango ya ƙare, yara su haddace su ci maki. Dole gwajin ya sa yaro gaban shafi na gaske, da intanet a buɗe, a ga ko zai fita ya bincika. Wannan kuwa yana buƙatar kwamfuta da lantarki da masu dubawa da aka horar, kuma ma'aikatun ilimi da yawa ba su ware kuɗinsu ba tukuna.